Wane Ne "Scholar"? Tambaya Ga Matasan Zamfara

'Yan uwa, akwai wata kalmar Turanci da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, wato scholar. Duk wanda yake karanta jaridun Turanci na ƙasar nan, ko yake leƙa Facebook da YouTube, ya san yadda ake liƙa ta a gaban sunayen mutane: wane Islamic scholar ne na Gusau, wane kuma na Kaduna. Sau da yawa idan ka bincika sai ka tarar wanda ake magana a kansa mai wa'azi ne, ko limamin wani masallaci, ko ma dai saurayi ne mai zaƙin baki da waya mai kyamara. Ni a ganina wannan kalma tana ɓoye mana abin da ya kamata mu gani kafin mu miƙa wa mutum amanar addininmu.

Bari mu fara da ita kanta kalmar a gidansu. Asalinta daga harshen Girka ne, inda schole ke nufin sarari ko sukuni, wato lokacin da mutum ya huta daga neman abinci har ya zauna yana sauraro yana tattaunawa. Daga nan ta shiga Latin, sannan ta gangaro Turanci, ita da 'yar uwarta school. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, tsohuwar ma'anarta a Turanci ɗalibi ce, yaron makaranta mai ɗaukar darasi. Daga baya ne ta ƙara ma'anar masani wanda ya zurfafa a wani fanni. Akwai kuma ma'ana ta uku, wato wanda aka ba tallafin kuɗin karatu, abin da matasanmu ke kira sikolashif. Alal misali, Bill Clinton ya tafi jami'ar Oxford ta Ingila a 1968 a matsayin Rhodes Scholar yana ɗan shekara 22, bai rubuta littafi ko ɗaya ba. Ashe ke nan kalma guda ce take ɗauke da almajiri da shehinsa da kuma mai cin tallafi.

Akwai wani bambanci kuma da ya kamata matashi Musulmi ya riƙe. A jami'o'in Turai, duk wanda ya ƙware wajen nazarin tarihin Musulunci ko littattafansa scholar ne, ko da kuwa bai taɓa sa goshinsa a ƙasa ba. Murray Last, wanda littafinsa kan Daular Usmaniyya ya fito a 1967, da Mervyn Hiskett wanda ya fassara Tazyinul Waraƙat na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo zuwa Turanci, dukansu masana ne da aka amfana da bincikensu, amma ba wanda zai je wurinsu neman hukuncin ƙabli da ba'adi. Haka nan manhajar Google Scholar, wadda aka buɗe a 2004, tana lissafa wanda ya wallafa maƙala da yawan waɗanda suka ambace shi ne, babu ruwanta da tsoron Allah ko ingancin fatawa. Sanin addini a matsayin abin nazari daban, ɗaukar nauyinsa a wuya daban.

To mu dawo gida. Hausa ta fi Turanci wadatar kalmomi nesa ba kusa ba a wannan fage. A tsangaya akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, sannan alaramma, sannan gwani, kowa da matsayinsa, kuma ba a tsallake. A wajen tsangaya akwai malamin allo, akwai malamin zaure mai karantar da littattafai, akwai mai tafsiri da mai ja masa baki, akwai mai wa'azi, akwai liman da na'ibi da ladan, akwai alƙali da muhuti. Kakanninmu sun san cewa gwani na iya rubuta Alƙur'ani da ka ba kuskuren wasali ɗaya, amma idan maganar rabon gado ta taso sai ya tura ka wurin wani. Sun san mai wa'azi na iya sa jama'a kuka a dandali alhali bai sauke Risala ba. Duk waɗannan matakai ɗan jarida yakan tattara su ya zuba a buhu ɗaya ya rubuta Islamic scholar a kai, mu kuma mu karanta mu ɗauka duk ɗaya ne.

Sai dai kada mu ɗora wa Turanci laifin duka, domin mu ma mun ja kalmar malam har ta yi laushi. Muna da malamin asibiti, malamin gona, malamin daji, malamin tsibbu, kuma duk baƙon da ba ka san sunansa ba a tasha Malam ne. Da malam ta yi arha sai aka koma ustaz, da ita ma ta cika gari sai aka haura shehi, yanzu kuwa sai an jera uku ko huɗu a fosta kafin a kai ga sunan da uba ya raɗa.

Mu mutanen wannan yanki muna da tarihin da ya isa ya koya mana hattara. Kusa da Tsafe akwai 'Yandoto, garin da ya shahara da malamai tun kafin jihadi, lokacin yana cikin ƙasar Katsina, har almajirai na zuwa daga nesa domin ɗaukar karatu. Har yau Sarkin Tsafe sarautar 'Yandoto yake riƙe da ita. Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, ya zauna a can kafin saɓani ya raba shi da mutanen garin saboda goyon bayansa ga Shehu Usmanu. Wajajen 1806 Muhammadu Bello ya sauka kusa da garin, kuma bisa abin da ɓangaren masu jihadi ya ruwaito, ya aika wa malaman cewa su fito a zauna a baje hujjoji, wanda gaskiya ta bayyana a gefensa a bi shi. Ba a yi zaman ba, aka ƙare da yaƙi, aka ci garin. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya tattauna wannan lamari a littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981. Ba na nan domin in yi alƙalanci tsakanin magabata. Abin lura a wurina shi ne, ɓangarorin biyu duk malamai ake kiransu, duk masu rawani ne da littattafai, kuma da jaridar Turanci ta wanzu a lokacin da dukansu suna ɗaya za ta ba su. Sunan bai raba gardama ba, abin da aka nema shi ne hujja.

Da me magabata suke gane malami? Da tambayoyi biyu: a wurin wa ya yi karatu, kuma me ya karanta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi sukutum ya rubuta, Ida'un Nusukh, domin kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a hannunsu da abin da ya karanta a wurin kowane. A zaurukan Gusau da Bungudu tsarin sananne ne: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, sannan wanda Allah Ya ba juriya ya shiga Muhtasar, ga kuma Ajurumiya a nahawu da Jalalaini a tafsiri. Shekaru ake kwashewa, kuma mutanen unguwa na gani. Ban ce digiri ba shi da daraja ba. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, alheri ce ga jihar, kuma cikin manyan malamanmu akwai waɗanda suka haɗa zaure da jami'a. Amma takardar shaida tana nuna abin da mutum ya rubuta bincike a kai ne, wanda sau da yawa tsagi ne siriri cikin fanni ɗaya.

Lamarin ya fi nauyi a Zamfara fiye da wurare da dama, domin tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, maganar malami ta wuce nasiha kawai, tana iya taɓa aure da dukiya da mutuncin mutum. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da cewa bai sani ba. Wannan shi ne limamin mazhabar da muke bi. Yau kuwa da wuya ka ji wanda ya riƙe makirufo ya furta haka ko sau ɗaya, domin mabiya za su ragu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ma shi ne wani abu da ya faru da wani ɗan uwana a Bungudu. Ya yi faɗa da iyalinsa, ya furta wasu kalmomi cikin fushi, sannan ya shiga waya neman mafita. Ya samu wani bidiyo na minti biyu, an rubuta Islamic scholar a ƙasa, mai maganar ya yanke hukunci kai tsaye cewa irin wannan aure ya ƙare ba kome. Saura kaɗan a kwashe kayan ɗaki, ga 'ya'ya uku. Da ƙyar na lallashe shi muka je wurin wani dattijo mai karantarwa a zaure, wanda ba shi da shafi a intanet, ba kuma wanda ya taɓa kiransa da wani laƙabi da ya wuce Malam.

Muka gaisa, ɗan uwan nawa ya ce, "Allah gafarta Malam, saki ne na yi." Malam ya ce, "Sannu, ɗana. Faɗa mini lafazin kamar yadda ya fito daga bakinka, kada ka gyara." Ya faɗa. Malam ya tambaye shi sau nawa ya furta, a zama ɗaya ko a rarrabe, me ya nufa a ransa, ko ya taɓa saki a baya, wa ya ji, kuma matar tana cikin wane hali a lokacin. Tambayoyin sun ɗauki kusan rabin sa'a, babu ko ɗaya daga cikinsu da mai bidiyon ya yi. Daga nan ya yi shiru, ya ce a ba shi zuwa gobe ya duba littafi, kuma akwai wani abokin karatunsa a Gusau da ya fi shi sanin wannan babi, zai tuntuɓe shi. Ya ƙara da cewa idan maganar ta zama jayayya tsakanin dangi, to ta alƙali ce ba tasa ba.

Da muka fito na tambayi ɗaya daga cikin masu ɗaukar karatu shekara nawa Malam ya yi yana karantarwa. Ya ce tun kafin a haife shi, kuma har yanzu duk ranar Alhamis Malam yakan hau mota ya tafi Gusau da littafinsa a jaka, domin akwai wanda yake ɗaukar darasi a wurinsa.