WA YA TAMBAYI MAI JINGINAR GONA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya ku ƴan'uwa masallata na Agye, Gazawa da Gidan Rumji, ku saurara, ko da maganar za ta yi ɗaci.

Kun san yadda abin yake gudana. Da kaka talaka ya sayar da hatsinsa da araha don ya biya bashi. Da bazara ya dawo ya sayi tiyar nan da tsada a hannun wanda ya ɓoye ta. In damina ta kama, ya ci bashin buhu ɗaya ya biya biyu, wannan kuwa riba ce tsantsa. Daga nan sai jinginar gona, har ya wayi gari ɗan ƙwadago a gonar ubansa. Manyanmu ba su manta 2005 ba: kasuwannin Maradi da hatsi a cikinsu, yara suna mutuwa da tamowa.

To, in an zauna shawara a ƙofar maigari, ko za a rubuta sunayen masu karɓar taimako, wa ake kira? Mai rumbuna. Wanda ake binsa bashi ba ya iya musa wa mai binsa a bainar jama'a. Lokacin zaɓe an saye bakinsa da sabulu da atamfa. A 2024 an rushe majalisun ƙananan hukumomi, a 2025 an rushe jam'iyyu, amma har yau talaka yana zaune a bayan taro. Ashe cutar tana cikinmu.

Ku tuna dalilin saukar Suratu Abasa: makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, ya zo da tambaya ana ganawa da manyan Ƙuraishawa, Allah Ya tsaya masa. Kai wane ne da za ka ce wa talaka ya yi shiru?

Mai dukiya, fitar da zakkar hatsinka: in ya kai ausuƙi biyar, ɗaya cikin goma ne ga noman ruwan sama. Haƙƙinsa ne, kada ka sa ya durƙusa kafin ya karɓa. Ka bar ɓoye abinci kana jiran tsada. Maigari, sa marar gona da mai takaba cikin kwamiti, ka ji ta bakinsu. Mu malamai kuma, mu ji tsoron Allah: buhun da alhaji ya aiko mana kada ya ɗaure mana harshe a kan mumbari.

Allah Ya sa mu gyara tun kafin ranar hisabi. Wassalamu alaikum.