Zabuwa na kan ƙwai, a rataye danƙo

Ƙannena, a jihar Colorado ta Amurka, masu farauta da kwari da baka tsakiyar Satumba suke hari. Lokacin ne barbarar wata ƙatuwar barewa mai suna elk ke kankama. Namijin na ta kururuwar neman mata, hankalinsa ya tafi, sai maharbi ya kwaikwayi kukan ya janyo shi kusa. Amma fa sai da lasisi, kuma hukuma ke yanke ranar rufewa.

Mu a Ɗambatta da Bichi gona ta cinye daji, zabon daji ma sai an yi sa'a. Zabuwa da damina take ƙwai. Wanda ya harbe ta a Agusta ya kashe har da na cikin sheƙa. Ku rataye danƙo sai an yanke dawa, lokacin 'ya'yan sun tasa, fili ma ya buɗe.