Amanar da Aka Ɗora wa Malaman Maine

Tun a shekarar 2001 majalisar dokokin jihar Maine ta Amurka, bisa ƙudurin da Donna Loring, wakiliyar al'ummar Penobscot, ta gabatar, ta wajabta wa makarantu koyar da tarihin mutanen Wabanaki, 'yan asalin yankin, wato Penobscot da Passamaquoddy da Maliseet da Mi'kmaq. Amma da yake hukuma ta ɗora wa malamai wannan amana ba tare da ta yi musu guzurin isasshen horo ba, sai rahoton da Gidan Tarihi na Abbe da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya tarar makarantu da dama ba su cika umarnin ba.

Malamin da shi kansa bai taɓa karanta shelar da jami'in mulkin mallaka Spencer Phips ya fitar a 1755 ba, wadda ta sanya ladan fam 40 a kan fatar kan kowane namijin Penobscot da ya haura shekara 12, ta ƙaƙa zai tsaya gaban ɗalibai, alhali wataƙila zuriyar waɗanda aka farauta na zaune cikinsu, ya yi sharhinta da adalci da ladabi? Ra'ayinmu shi ne a miƙa ragamar horon ga ma'abuta wannan ilmi: dattawa masu riƙe da harshe, da masana tarihinsu, da masu saƙar kwanduna da tsagin itace da ciyawa mai ƙanshi. A biya su haƙƙinsu cikakke, a ware wa malamai lokaci cikin ranakun aiki, sa'an nan a sanya darasin cikin sharuɗɗan samun takardar shaidar malanta.