SHARHI: Tsadar rayuwa, ƙurar hunturu da jabun filta: Yadda injinan motoci ke mutuwa sannu a hankali

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, lissafin duk mai mota a Najeriya ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 600 a Abuja cikin Yulin shekarar, ta zarce naira 1,000 a Oktoban 2024. Sakin naira ta nemo wa kanta daraja a Yunin 2023 ya sa dalar da ke kusan naira 460 ta wuce naira 1,500 a farkon 2024. Da yake galibin kayan gyaran mota shigo da su ake yi, farashinsu ya bi sawun dala.

Direban da kuɗin mai ya cinye masa ciniki dole ya nemi inda zai rage kashe kuɗi. Ɗaya daga cikin wuraren da tsimin ya fi faɗawa shi ne filtar iska, wadda makanikai ke kira iya-kilina. Ƙaramar aba ce mai araha, amma ita ce shinge ɗaya tilo tsakanin ƙurar hanya da cikin inji.

Abin da inji ke shaƙa

Injin fetur na buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska kafin ya ƙona kilo ɗaya na mai. Ma'ana, duk lita guda da direba ya saya sai ta haɗu da iskar da ta kai lita 9,000 ko fiye, kuma dukkanta ta cikin filta take bi.

A Arewa wannan iska ba ta zuwa ita kaɗai. Daga Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda ake lissafa shi a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Ƙurar tana ɗauke da sinadarin silika, wanda ke goge ƙarfe kamar yashi. Idan ta samu hanyar shiga, sai ta riƙa cin ringi da bangon silinda, ta gauraya da baƙin mai. Daga nan mota ta fara hayaƙi, ta fara shan baƙin mai, ƙarfinta ya ragu, ƙarshe a ce sai an sauke inji.

Kamfanonin ƙera motoci kan ba da shawarar sauya filta bayan tafiyar kilomita 15,000 zuwa 30,000 ko fiye, gwargwadon irin motar, amma littattafansu na gargaɗin a riƙa duba ta da wuri a wurare masu ƙura. Motar da ke jigila a hanyoyin karkarar Jigawa ko Yobe cikin hunturu tana cikin wannan rukuni.

Shin filta na rage shan mai?

Akwai imanin da ya yaɗu cewa sabuwar filta na rage shan mai sosai. Gaskiyar ta rabu gida biyu. Binciken da cibiyar Oak Ridge ta gwamnatin Amurka ta fitar a 2009 ya nuna cewa a motoci masu injekta, toshewar filta ba ta ƙara shan mai yadda za a lura, domin kwamfutar motar na rage man daidai da iskar da ta shigo. Abin da ke raguwa shi ne ƙarfin fizga. A injin mai kafireta kuwa, toshewar na ƙara shan mai. Wannan ya shafi tsofaffin motoci da ɗimbin babura da A Daidaita Sahu, wato abin hawan talaka.

Saboda haka babban haɗarin yana ga filtar da ke barin ƙura ta wuce. Filtar da ta ɗan yi datti tana ci gaba da tace iska, sau da yawa ma fiye da sabuwa. Wadda ta huje, ko bakinta bai zauna daidai ba, ita ce ke kashe inji.

Nan ne dabarun tsimi ke zama asara. Busa filtar takarda da iska mai ƙarfi a wurin mai faci na iya yaga ta ta inda ido ba ya gani. Wanke ta da ruwa ko fetur na lalata takardar, domin ta soso irin ta wasu babura ce aka yi don wanki. Mafi muni shi ne cire ta gaba ɗaya da sunan ƙara wa mota gudu. Gudun ƙaramar asara, sai a faɗa babba.

Wa ke tsaron mai saye?

Ko direban da ya yi niyyar sayen sabuwa yana da wata matsalar. A manyan kasuwannin kayan mota irin su Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas, filta iri ɗaya na zuwa hawa-hawa a farashi, kuma kwali bai isa shaidar inganci ba. Jabun filta kan zo da takarda marar kauri, ninki kaɗan, gam marar ƙarfi da robar baki da ba ta rufe rami. Illarta ba ta bayyana sai bayan watanni, lokacin da babu mai iya danganta mutuwar injin da ita, balle a koma wa mai shago.

Doka ta tanadi masu tsaro. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, tana da tsarin SONCAP na tantance kaya kafin a shigo da su, kuma akwai ma'aunin duniya na gwajin filtar iska, ISO 5011. Sai dai gwamnati ta fitar da hukumar daga tashoshin jiragen ruwa a 2011, ta shafe fiye da shekara goma a waje. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kaya marasa inganci, amma hakan na buƙatar rasit, abin da cinikin kasuwa bai saba da shi ba.

Tambayoyin da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su yi a fili suke. Filta nawa aka gwada a bara? Waɗanne ne suka faɗi gwajin? Me ya hana a wallafa sunayensu yadda ƙungiyoyin direbobi da na makanikai za su gani? Haka kuma, tsarin bunƙasa masana'antar motoci na 2023 zuwa 2033, wanda hukumar NADDC ke jagoranta, ya yi alƙawarin ƙara kayan da ake ƙerawa a gida. Filta takarda ce da roba da gam, kuma ƙasar da ta kasa tabbatar da ingancinta da wuya ta gamsar da kowa cewa za ta ƙera mota.

Kafin hukumomi su motsa

Mai mota na iya kare kansa. Ya sayi filta da lambar da ta dace da motarsa, ya kwatanta ta da tsohuwar, ya duba yawan ninkin da taushin robar bakin. Ya goge cikin akwatin kafin saka sabuwa, ya tabbatar murfin ya rufu. Idan ya ga ƙura a bututun da ke bayan filta, to ƙura na shiga inji. Ya kuma nemi rasit.

Lamarin bai tsaya ga masu mota ba. Duk injin motar haya da ya mutu kafin lokacinsa, da kuɗin fasinja da na dakon hatsi ake biyan gyaransa, kuma hayaƙin da ya yi kafin ya mutu, mazauna gari ne suka shaƙa.