Gani Bai Kori Ji Ba a Filin Jirgin da Babu Hasumiya

Lokacin da jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano a shekarar 1925, babu hasumiya, babu mai ba da umarnin sauka. Matuƙan sun dogara ne da idanunsu kawai. Har yau akwai ƙananan filaye a ƙasar nan da ake sauka haka, kamar irin waɗanda jiragen feshin tsuntsaye jan-baki kan yi amfani da su a jihohin Arewa. Mu mazauna Unguwar Sarki da kewaye mun saba da ƙugin ƙananan jiragen horo daga tsohon filin jirgin sama na Kaduna, ga kuma Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964. Ɗaliban nan wata rana za su sauka inda babu mai tsare musu hanya. Ra'ayina shi ne, dokar nan ta "duba ka kauce" ba ta wadatar ba ita kaɗai, domin idon ɗan Adam ba a halicce shi don irin wannan aiki ba.

Bari mu fara da ƙirar idon. A bayan ƙwayar ido akwai wani ɗan gurbi wanda shi kaɗai ke gani tangaran. Faɗin abin da yake kamawa bai wuce digiri 2 ba, wato kamar farcen babban yatsanka idan ka miƙe hannu. Sauran gefen ido ba ya rarrabe siffa sosai, gwanintarsa ita ce kama motsi. To, a nan gizo ke saƙar. Jirgin da zai yi karo da kai ba ya motsi a gilashinka. Yana nan daram a wuri guda kamar ɗigon datti, yana girma a hankali, sai a daƙiƙun ƙarshe ya cika gilashin. Wato abin da ya fi haɗari shi ne wanda ido ya fi kasa lura da shi.

Abu na biyu kuma, idan ido ya rasa abin da zai kafa kansa a kai, kamar a sararin da hazo ya rufe, sai ya saki jiki ya koma kallon 'yan mitoci kaɗan a gabansa. Matuƙi na zaton yana hangen nesa, alhali kuwa ganinsa bai yi nisa da hancin jirgin ba. Kowa ya san hazon hunturu a Kaduna, wanda wani lokaci kan hana ganin abin da ya wuce mita 1,000.

Sai batun lokaci. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta ƙiyasta cewa matuƙi na bukatar daƙiƙa 12.5 kafin ya hangi abu, ya gane jirgi ne, ya fahimci za su yi karo, ya yanke shawara, jirgin kuma ya amsa. Mai karatu ya yi lissafi: jirage biyu suna fuskantar juna, kowanne na gudun kilomita 200 a awa, a cikin waɗannan daƙiƙu za su cinye kusan mita 1,400. A ranar hazo mai kauri, kafin a ga juna aikin gama ya gama.

Mene ne mafita? Ba gina hasumiya a kowane fili ba ne, don filin da jirgi biyu ko uku ke sauka a mako ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba. Mafita ita ce tsari wanda zai gaya wa ido inda zai duba. Ƙa'idar duniya ta ce mai shirin sauka ya yi dukkan kwanarsa ta hannun hagu, sai in an ba da wani umarni dabam. Al'ada kuma ita ce a kewaya filin a tsayin ƙafa 1,000, kowa ya bi sahu. Haka nan kowane matuƙi ya riƙa shelanta inda yake da abin da ya yi niyya a kan zangon rediyo guda, ya kunna fitilunsa ko da rana tsaka, ya riƙa duba sama yanki-yanki, yana tsai da ido na daƙiƙa ɗaya a kowane yanki. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a nan ji ne ke yi wa gani jagora.

Wani zai ce ai rediyo kaɗai ya isa. Abin da ya faru a filin Watsonville na jihar Kalifoniya a watan Agustan 2022 ya ƙaryata haka. Filin ba shi da hasumiya. Wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 152 yana kewayen sauka, sai wani Cessna 340 ya taho kai tsaye da gudu mai yawa. Dukkan matuƙan biyu suna magana a rediyo, amma duk da haka suka yi karo, mutum uku suka rasu. Shela ba ta da amfani idan mai yin ta bai rage gudu ya shiga sahu ba.

Saboda haka ina kira ga hukumomin NCAA da NAMA su tabbatar kowane ƙaramin fili yana da zangon rediyo sananne da hanyar kewaye a rubuce, a kuma ƙarfafa sanya na'urar da ke nuna wa matuƙi jiragen da ke kusa da shi. Makarantun tuƙi kuwa su ba darasin raunin ido muhimmancin da suke ba darasin inji. Matuƙin da ya san iyakar ganinsa shi ne zai yi haƙuri ya bi layi, ko ya fasa sauka ya sake kewayowa idan ya yi shakka. Minti biyar na ƙarin mai bai kai darajar rai ɗaya ba. Allah Ya kiyaye.