ZUWA MADINA DA SHEKARUN ƘARYA

 

Duk lokacin da jami'o'in ƙasashen waje suka buɗe ƙofar neman gurbin karatu, musamman Jami'ar Musulunci ta Madina, za ka ga samarinmu sun tashi haiƙan, kowa rungume da takardunsa, ana cike fom ana addu'a. Wannan himma abin yabo ce, kuma gurbin ya cancanci a neme shi. An kafa jami'ar a shekarar 1381 bayan Hijira, wato 1961, domin ɗaukar ɗalibai daga duk faɗin duniyar Musulmi. Shaihu Abdul'aziz bin Baz ya shugabance ta, Shaihu Albani ya karantar da hadisi a cikinta, kuma daga cikin namu marigayi Shaihu Ja'afar Mahmud Adam ya sha ruwanta. Ɗalibin da aka ɗauka ba ya biyan kuɗin karatu, ana ba shi masauki da alawus na wata-wata da tikitin jirgi, ga shi kuma yana maƙwabtaka da Masallacin Annabi (SAW). Wane ɗalibin ilmi ne zuciyarsa ba za ta yi begen wannan ba?

Sai dai akwai wata ɓarna da ta shigo cikin wannan nema, har ta zama kamar ba laifi ba, kuma a kanta nake son yin magana ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ƙa'idar tallafin karatu ta Saudiyya ta gindaya cewa mai neman digiri na farko kada ya wuce shekara 25, kuma ana neman takardar tazkiyya daga malami ko cibiyar da ta san ɗalibi. To sai ka ga mai shekara 30 ya tafi kotu ya yi rantsuwa cewa shekararsa 22, ya karɓo takardar shaidar haihuwa sabuwa, ya yi fasfo a kanta. Wani kuma ya samo tazkiyyar da aka rubuta wa abokinsa, ya goge suna a kwamfuta ya sa nasa. Sannan idan aka tambaye shi me zai je karantawa, sai ya ce: Hadisi!

Subhanallah! Shin ɗan'uwa ka san ko wace ƙofa kake ƙwanƙwasawa? Ilmin hadisi gaba ɗayansa an gina shi ne a kan tantance mai gaskiya daga maƙaryaci, kuma ɗaya daga cikin manyan makaman da malaman hadisi suka yi amfani da su wajen tona asirin maƙaryata shi ne lissafin shekaru. Ibnus Salah ya kawo labarin Isma'il bin Ayyash, wanda aka gaya masa akwai wani mutum a Iraƙi da yake ruwaya daga Khalid bin Ma'adan. Sai ya je ya tambaye shi shekarar da ya ji daga gare shi, mutumin ya ambaci shekara ta 113, alhali Khalid ya rasu tun shekara ta 106. Nan take ruwayarsa ta faɗi. Don haka ne malamai suka wallafa littattafai sukutum a kan shekarun haihuwa da na rasuwar maruwaita. Yanzu kai da ka sauya shekarar haihuwarka da hannunka, da a zamaninsu kake, a wane babi za su rubuta sunanka?

Na san hujjojin da ake kafawa, domin a matsayina na malamin Islamiyya ana zuwa wurina neman tazkiyya, kuma ina jin su da kunnena. Na farko sukan ce niyyarsu kyakkyawa ce, ilmin addini za su nemo. Amma kyakkyawar niyya ba ta mayar da haram halal. Wanda ya saci ruwa don ya yi alwala ba a kiransa mai tsoron Allah. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Bakrata (RA) cewa Annabi (SAW) yana lissafa mafiya girman zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune ya yi ta maimaitawa, har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru. Rantsuwar ƙarya da gangan kuwa tana cikin kaba'irai, kuma malamai suna kiranta da sunan da yake nuna tana dulmiya mai yin ta cikin zunubi.

Na biyu sukan ce wannan ƙa'ida ce ta mutane, ba Allah ne Ya saukar da ita ba. Haka ne, iyakar shekara 25 ba wahayi ba ce. Amma dukiyar mai ita ce, kuma mai kyauta yana da ikon gindaya sharaɗi a kan kyautarsa. Duk riyal ɗin da ka karɓa shekara huɗu ko biyar, an ba ka ne bisa zaton ka cika sharaɗin. Sannan guraben ƙidayayyu ne. Kujerar da ka zauna a kai ta wani yaro ce mai shekara 19 da ya faɗi gaskiya aka bar shi a gida. Ba ka san sunansa ba, amma za ku haɗu ranar da ba a biyan bashi da riyal ko naira.

Na uku sukan ce talauci ne ya jinkirta su, sun daɗe a makarantar allo kafin su shiga sakandare. Wannan uzuri yana taɓa zuciya, kuma gaskiya ne da yawa daga cikin mafiya ƙwazon ɗalibanmu haka rayuwarsu ta kasance. Amma rufewar ƙofa ɗaya ba ita ce rufewar ilmi ba. Ga sassan Larabci da nazarin addinin Musulunci a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato, ga Jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, ga zaurukan malamai da ba sa tambayar kowa takardar haihuwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai taɓa zuwa Hijaz ba, a wurin malaman ƙasar nan irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru ya yi karatu, kuma har yau ana karanta littattafansa. Wanda ya yi digirin farko a gida da gaskiya, ƙofar digiri na biyu a waje tana nan a gabansa.

Malamai ma suna da nasu kason. Tazkiyya shaida ce. Malamin da ya sa hannu da hatimi yana yabon ɗabi'un yaron da bai taɓa gani ba sai ranar, don kunyar mahaifinsa ko don ɗan ƙungiyarsu ne, ya ba da shaida a kan abin da bai sani ba. Ranar da jami'o'i suka gane takardunmu ba abin dogaro ba ne, masu gaskiya ne za su fara ɗanɗana kuɗarsu. Mun ga misali a wani fagen: a watan Disamba na 2023 wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6, a Janairun 2024 kuma gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo, matakin da ya shafi har waɗanda suka zauna a aji suka yi karatu da guminsu.

Saboda haka ya kai ɗan'uwa, nemi gurbin da dukkan ƙarfinka, ka gyara Larabcinka, ka ƙarfafa haddarka, ka rubuta shekarunka kamar yadda Allah Ya san su. Jabir bin Abdullahi (RA) ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham saboda hadisi ɗaya, guzurinsa gaskiya ne. Idan an ɗauke ka, ka shiga birnin Manzo (SAW) da fuskar da ba ta jin kunya. Idan ba a ɗauke ka ba, abin da yake rabonka ba zai wuce ka ba. Wanda kuma ya riga ya afka, ƙofar tuba a buɗe take, ya nemi malami masani mai tsoron Allah ya gaya masa yadda zai gyara.

Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, Ya sanya mu cikin masu gaskiya, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa.