Mujallun Siyasar Duniya: Ana Maganar Sahel, Mai Ɗaki Yana Waje

Manufofin manyan ƙasashe sukan fara ne a takarda, cikin mujallun da masana ke rubutawa, ministoci da jakadu su karanta. Mujallar Foreign Affairs tana fitowa a Amurka tun 1922. A cikinta ne George Kennan ya shimfiɗa dabarar dakile Tarayyar Sobiyet a 1947, Samuel Huntington kuma ya kawo batun karon wayewar kai a 1993, wanda ya daɗe yana shafar kallon da ake yi wa ƙasashen Musulmi. Faransa tana da Politique étrangère tun 1936.

Yau Sahel ya zama abincin irin waɗannan shafuka. Ana auna shi da ma'aunin yuraniyom, ta'addanci da ƙaura zuwa Turai, da Faransanci ko Ingilishi, galibi a farashin da ya fi ƙarfin aljihun malamin makaranta. A 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Nijar da Nijeriya, aka yanke wutar lantarki, ciniki ya tsaya daga Ɗan Isa har Birnin Ƙonni. Ɗan kasuwar Maraɗi da ya ɗauki asarar, wa ya kawo masa muhawarar masana da harshensa?

Kada a ɗora wa Turawa laifin duka. Afirka tana da nata: CODESRIA a Dakar tana buga Africa Development tun 1976, Legas tana da cibiyar nazarin hulɗar ƙasashe tun 1961. Amma masanin gida yakan rubuta ne domin kwamitin ƙarin girma, ya mance da mutanen da ya yi bincike a kansu.

Masu cewa Hausa ba ta iya ɗaukar wannan ilimi, sai su tuna da ita aka yi jakadanci tsakanin Gobir, Katsina da Damagaram, da ita kuma BBC ke sharhin duniya tun 1957. Tun 2025 ita ce harshen ƙasa a Nijar. Matsayin takarda kaɗai ba ya wayar da kowa.

Abin nema kaɗan ne: duk binciken da masanin Nijar ya buga kan siyasar waje ya zo da taƙaitawa da Hausa, ƙungiyoyin al'adu na Maraɗi, Damagaram da Tawa su riƙa karanta ta a tarukansu, malamai su kai ta aji. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. A ba shi takardar, ya faɗi nasa.